Tambayi Likita: Da Suka Ce "Babu Gado", Me Suke Nufi?

Cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan, huɗu sun haɗu a kan magana guda, wato gadajen ɗakin kulawa ta musamman a asibitocinmu da abin da ke samun su idan annoba ta sauka. Na taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. A azumin shekarar 2020, lokacin dokar kulle ta annobar korona, mahaifinmu ya kwanta da zazzaɓi da tari, bayan kwana shida numfashinsa ya fara sarƙewa. Muka ɗauki shatar mota muka kai shi babban asibitin da ke kusa da mu, suka duba shi, suka rubuta mana takarda zuwa birni. Mun isa bayan isha'i, aka ce mana babu gado a ɗakin kulawa ta musamman, alhali da idona na ga gadaje uku babu kowa a kai a ɗakin da ke gefe. Kafin asuba Allah ya yi masa rasuwa a cikin motar da muka zo da ita. Har yau abin yana ci mini rai. Shin ƙarya suka yi mana don sun ga mu mutanen ƙauye ne? Daga wani manomi a yankin Sumaila, Jihar Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ku kuma ya ba ku haƙurin rashinsa. Wasiƙarka ta taɓa ni ƙwarai, domin na sha tsayawa a ɗaya ɓangaren ƙofar nan, ina faɗa wa mutane wannan magana da ba wanda yake son ji.

A bakin ma'aikacin asibiti, kalmar gado ba ta tsaya ga ƙarfe da katifa ba. Idan aka ce gadon ɗakin kulawa ta musamman, ana nufin wurin kwanciya da ke da iskar oksijin mai gudana ba yankewa, da na'urar da ke nuna bugun zuciya da awon jini da yawan iskar da ke cikin jini a kan allo dare da rana, da na'urar numfashi, da injin zuƙe majina, da ƙananan injunan da ke tura magani cikin jijiya ɗigo-ɗigo, da wutar lantarkin da ba za ta ɗauke ko na minti biyar ba. Sama da duk waɗannan akwai nas ɗin da ta koyi wannan aikin musamman, wadda ƙa'ida ita ce mutum ɗaya kawai za ta kula da shi idan yana kan na'urar numfashi, ko biyu idan jikinsu da ɗan dama. Tun da kuwa mutum ba ya aikin sa'a 24 a jere, gado ɗaya yakan buƙaci nas biyar ko shida masu karɓa-karɓa, ban da likitan da ya iya zura bututu a maƙogwaro ya kuma san yadda ake saita na'urar. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, gadon da ka gani yana nan da zaninsa a shimfiɗe, amma a lissafin asibiti babu shi.

Ko ƙasashen da suka fi mu kuɗi nesa ba kusa ba sun ɗanɗana wannan. A watan Afrilun 2020 hukumomin Ingila sun mayar da wani katafaren zauren baje koli a Landan asibitin wucin gadi cikin kwana tara, aka tsara shi ya ɗauki mutum har 4,000, amma a zangon farko na annobar mutum 54 kaɗai aka yi jinya a cikinsa, kuma ɗaya daga cikin manyan dalilan shi ne ƙarancin ƙwararrun ma'aikatan jinya. Ana iya jera gadaje dubu cikin mako guda, amma horar da nas ɗin da za ta tsaya a kansu aikin shekaru ne.

Sai kuma abin da annoba ke yi wa lissafi. Bayanan farko da suka fito daga ƙasar Sin sun nuna cewa cikin mutum 100 da korona ta kama, kimanin 81 ciwon bai yi musu tsanani ba, 14 sun jigata, 5 kuma sun kai ga halin rai kwakwai mutu kwakwai. Biyar cikin ɗari ba ta da yawa a ido, amma idan mutum dubu goma suka kamu cikin wata guda a gari ɗaya, ɗari biyar ke nan suke neman ɗakin da a wurare da yawa gadajensa ba su cika goma ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne daɗewa. Wanda aka yi wa babbar tiyata yakan kwana ɗaya ko biyu a ɗakin ya koma ɗakin jinya na kowa, amma mai korona da ke kan na'ura yakan riƙe gado mako biyu ko fiye. Ɗaki mai gado shida, idan kowa zai yi mako biyu, mutum goma sha biyu kaɗai zai iya karɓa a wata, kuma a cikin watan nan masu haɗarin mota da mata masu jijjigar haihuwa da waɗanda maciji ya sara ba su daina zuwa ba. Yankin Lombadi na ƙasar Italiya, wanda yana cikin mafiya arziki a Turai, yana da irin waɗannan gadaje kusan 720 kafin annobar, kuma cikin 'yan makonni a watan Maris na 2020 suka cika maƙil. A wannan lokacin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasashen Afirka 43 a haɗe ba su da gadajen kulawa ta musamman 5,000, kuma na'urorin numfashi masu aiki a ƙasashe 41 ba su kai 2,000 ba.

Makonnin da kuka je birni suna cikin mafiya muni da Kano ta gani a lokacin annobar. An tabbatar da mutum na farko mai cutar a jihar ranar 11 ga Afrilu, 2020, kuma daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga rasuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, ya ce mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na mace-macen suna da alaƙa da korona. Ma'aikatan lafiya da dama su ma sun kamu, an killace su. Saboda haka abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne ba ƙarya aka yi muku ba.

Amma ba zan tsaya nan ba, domin gaskiyar magana ba ta wanke yadda aka bi da ku. Kuskure na farko shi ne tura dattijo mai sarƙewar numfashi tafiyar sa'o'i ba tare da tukunyar iska a motar ba, kuma ba tare da an buga waya an tabbatar akwai wurin da za a karɓe shi ba. Na biyu, rashin gado a ɗakin kulawa ta musamman bai kamata ya zama rashin komai ba. Ko a ɗakin taimakon gaggawa ne, ko a kan gadon tura marasa lafiya ne, haƙƙin Baba ne a sa masa iska, a auna shi, a zauna da ku a yi muku bayani da Hausar da za ku gane. Kai kam, Malam, ka yi abin da ɗa nagari yake yi, ka cire wa kanka zargi.

TAMBAYA: Likita, a garinmu mutane suna kiran wannan ɗaki "gobe da nisa", suna cewa duk wanda aka saka wa na'urar iska ba ya tashi. Lokacin annobar akwai waɗanda suka gudu da marasa lafiyarsu daga asibiti da dare don kada a sa musu. Ni kaina na gaya wa 'ya'yana kada su yarda a sa mini. Ina gaskiyar wannan magana? Daga wata uwa a yankin Ɗambatta, Jihar Kano.

AMSA: Hajiya, ina roƙonki ki kira 'ya'yanki ki janye wannan wasiyya, zan kuma faɗa miki dalili.

Abubuwa biyu ne mutane suke haɗawa wuri guda. Na farko shi ne ƙarin iskar oksijin ta siririyar roba a hanci ko ta marfin da ake ɗorawa a baki da hanci. Mai ciwon yana farke, yana magana, yana cin abinci, yana sallarsa a zaune. Iskar da muke shaƙa yau da kullum kashi 21 cikin 100 nata ne oksijin, to idan huhu ya kumbura ya kasa zuƙar abin da ya ishe shi, sai a ƙara masa mai kauri har ya warke. Na biyu shi ne na'urar numfashi, inda ake sa mutum barci da allura, a zura masa bututu a maƙogwaro, inji ya riƙa hura masa iska. Mafi yawan waɗanda korona ko nimoniya ta kwantar na farkon kaɗai suke buƙata, kuma idan suka same shi da wuri da yawansu ba sa kaiwa ga na biyun.

Ba zan ɓoye miki cewa ana mutuwa a wannan ɗaki ba. Wani babban bincike da aka wallafa a 2021, wanda ya bi diddigin masu korona fiye da 3,000 da ciwonsu ya tsananta a asibitoci 64 na ƙasashen Afirka goma, har da Najeriya, ya gano cewa kimanin 48 cikin 100 sun rasu cikin kwana 30. Adadi ne mai ɗaga hankali, ya kuma fi na sauran sassan duniya. Sai dai ki lura cewa waɗanda ake kaiwa ɗakin su ne waɗanda ciwonsu ya fi na kowa, kuma duk da haka fiye da rabi sun rayu. Saboda a nan ƙasarmu iskar tana da tsada kuma ba ta wadata, sai aka saba ba a ɗauko tukunyar sai mutum ya kai gargara. Dangi suka ga an sa roba, bayan sa'a biyu aka rufe fuska, sai suka ɗora wa robar laifin da na jinkiri ne.

Wani dare a wani babban asibitin karkara da na yi aiki a Jigawa, aka kawo wata tsohuwa tana numfashi sama-sama, leɓɓanta sun yi duhu, ba ta iya haɗa kalma uku. Na maƙala mata 'yar na'urar awon iska a yatsa, ta nuna 78. Da nas ta jawo tukunya, sai babban ɗanta ya tare gaban gadon ya ce, "Likita, don girman Allah kada ku sa mata wannan abin." Ban yi masa gardama ba. Na cire na'urar na maƙala a yatsansa, ta nuna 97, na mayar a na mahaifiyarsa, ta koma 78, na ce masa wannan ratar ita muke so mu cike. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya matsa. Ya tsaya yana kallon lambar tana hawa, 84, 89, 93, har ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Da gari ya waye tsohuwar ta nemi kunu, bayan kwana tara kuma ta fita da ƙafarta.

Ki kuma san cewa asalin wannan ɗaki daga cutar da muka sani sarai ya samo, wato shan inna. A 1952 annobarta ta auka wa birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak, ta riƙa shanye naman da yara ke numfashi da shi, kusan tara cikin goma na waɗanda abin ya kai ga ƙirjinsu suna mutuwa. Wani likita mai suna Bjørn Ibsen ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a sa bututu, aka tara ɗaliban likitanci kusan 1,500 suna matsa jakar roba da hannu, dare da rana, suna karɓar juna, har mace-macen suka ragu da fiye da rabi. Daga nan aka fara ware ɗaki guda don masu ciwo mafi tsanani. Hannun mutane ne ya fara wannan aiki kafin inji ya zo, kuma don ceton rai aka kafa shi.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe Likita, ni sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu ne. Bayan abin da muka gani a annobar korona da ta mashaƙo, 'yan asalin garin mazauna birni sun tara kuɗi, wasu suna ganin a sayi na'urar numfashi a kai asibitinmu don a daina tura mu Dutse ko Kano. Me ka gani? Daga wani malamin makaranta a yankin Gwaram, Jihar Jigawa.

AMSA: Malam, Allah ya saka muku da alheri, kun yi tunanin da ya dace a lokacin da ya dace, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Amma shawarata ita ce kada ku sayi na'urar numfashi. Na ga irinta a asibitoci fiye da ɗaya, tana cikin ledarta a sito, ƙura ta lulluɓe ta, saboda babu likitan da zai sarrafa ta, babu iskar da za ta ci, babu wutar da za ta riƙe ta. A hannun wanda bai koya ba kuwa, tana iya fasa huhun mutum. Irin wannan na'ura wurinta manyan asibitoci ne, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, kuma nauyin gwamnati ne ta faɗaɗa su ta horar da ma'aikatansu.

Abin da asibitin gari yake buƙata shi ne iska. Ku fara da ƙananan na'urorin awon iska na yatsa masu inganci, har da na jarirai, ta yadda duk wanda ya shigo da tari ko zazzaɓi za a auna shi kamar yadda ake auna zafin jiki. Sai injin tace iska, wanda ke zuƙar iskar ɗaki ya fitar da oksijin, yawanci lita 5 ko 10 a minti ɗaya. Injin mai lita 10 zai iya riƙe babban mutum ɗaya mai tsananin ciwo, ko ƙananan yara da dama idan aka haɗa masa marabar bututu, tun da yaro lita ɗaya ko biyu ta ishe shi. Amfaninsa shi ne ba ya ƙarewa muddin akwai wuta, saboda haka kada ku saye shi sai tare da sola da baturan da za su kai shi asuba. Tukwanen iska kuma ku ajiye su don lokacin da inji ya tsaya da kuma don motar ɗaukar marasa lafiya. Ga lissafin da ya kamata kwamitinku ya sani: babbar tukunya tana ɗauke da kimanin lita 6,800, idan mutum yana shan lita 10 a minti, cikin sa'a 11 da 'yan mintuna ta ƙare. Wato mutum ɗaya yana cin tukunya biyu a yini, ga kuɗin cikawa, ga kuɗin motar da za ta kai ta birni ta dawo da ita. Abin da ya durƙusar da asibitocin Indiya a watannin Afrilu da Mayu na 2021 ke nan, inda mutane suka riƙa mutuwa a kan gadaje saboda iskar ta yanke.

Ku ware kaso na kuɗin don abin da ba a ɗaukar hotonsa ranar bikin miƙa kaya, wato horar da nas-nas da ma'aikatan lafiya na al'umma, da koya wa wani matashi ɗan garin yadda ake wanke matatar injin da gyara shi, domin ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabarsa, da sayen robobin hanci da za a riƙa canzawa. Ku kuma rubuta yarjejeniya da hukumar asibitin a gaban hakimi, cewa ba za a hana kowa iska don ba shi da kuɗi a hannu ba. Wannan kaya ba zai zauna jiran wata annoba ba. Yaro mai nimoniya, jaririn da aka haifa bakwaini, mai jego da ta zubar da jini, mai ciwon sikila, duk za su amfana da shi tun daga makon farko, kuma duk wanda aka riƙe a gida da iska ya warke, gado ɗaya ke nan aka bar wa wani a birni.

Sauran aikin na baki ne. A Abuja aka yi alkawari a 2001 cewa ƙasashen Afirka za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Idan ɗan majalisarku ya zo gari, ku tambaye shi nas nawa aka ɗauka aiki aka turo asibitinku cikin shekarun da ya yi a kujera.

TAMBAYA: Likita, mu da muke nesa da asibiti, yaya za mu gane lokacin tafiya ya yi? Daga wata ungozoma a yankin Kiyawa, Jihar Jigawa.

AMSA: Inna, ki dubi ƙirji ki ƙirga numfashi na minti ɗaya cif, mai ciwon yana kwance a natse. Babban mutum mai lafiya yana yin 12 zuwa 20. Idan ya haura 30, ko ya kasa ƙarasa jimla sai ya tsaya ya huta, ko leɓe da harshe suka yi duhu, ko ya fara ruɗewa da yawan barci, a tafi a lokacin, kada a jira gari ya waye. Ga yara, jaririn da bai kai wata biyu ba idan ya kai 60, ɗan wata biyu zuwa shekara ɗaya idan ya kai 50, ɗan shekara ɗaya zuwa biyar idan ya kai 40, numfashin ya yi sauri. Idan kuma ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki, ko ya ƙi nono, abin gaggawa ne. Idan kina da na'urar yatsa, 95 zuwa sama lafiya ne, 94 zuwa ƙasa a nemi ma'aikacin lafiya, ƙasa da 90 kuwa sai asibiti mai iska. Ki ɗumama yatsan idan ya yi sanyi, ki kuma zaɓi wanda babu jan farce ko baƙin lalle a kai, don suna iya sa na'urar ta yi kuskure. Dattawa da masu ciwon suga ko hawan jini da mata masu ciki, a gaggauta da su fiye da kowa, domin a korona an ga masu hira lafiya lau alhali iskar jininsu ta faɗi ƙasa sosai.

Kada a sayi ƙwayar dezametason a kemis a ba mai tari a gida. Gaskiya ne binciken da aka yi a Ingila a 2020 ya nuna tana rage mutuwa ga masu korona da ke kan iska ko na'ura, amma ga wanda bai kai wannan mataki ba ba ta da amfani, tana kuma tayar da suga. A mota a zaunar da mai ciwon a jingine, kada a kwantar da shi rigingine, a buɗe tagogi, masu rakiya su rufe baki da hanci. Idan akwai tukunyar iska a motar, babu shan taba, babu ashana a kusa. Kafin ku tashi daga asibitin farko, ki roƙi ma'aikacin da ya rubuta takardar ya buga waya can a gabanki, ya kuma rubuta a jikin takardar awon iskar mai ciwon da sunan wanda ya ce a kawo shi.